Tambaya da Amsa: Su wane ne 'yan sandan "Buga-buga"?

TAMBAYA: Malam, dattawa a Aboabo, nan Kumasi, suna yawan ambaton "Buga-buga" da dakarun Hausawa na zamanin Turawa. Rundunarsu ɗaya ce?

AMSA: Ɗan'uwa, tushe ɗaya ne, amma hanya ta rabu. Kyaftin Glover, wani hafsan Ingila, shi ne ya fara ɗaukar Hausawa aikin ɗamara a Legas a shekarun 1860, kuma da su aka yi yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙone Kumasi. A 1879 aka kafa wa Gold Coast (Ghana ta yau) rundunarta ta kanta. Sunan "Hausawa" dai suna ne kawai: akwai Mossi, Dagomba da bayin da suka tsere. Hausar bariki ce ta haɗa su.

Daga cikinsu aka tsamo 'yan sandan gari a 1894, sauran kuwa suka koma soja zalla a 1901.

Buga-buga 'yan sandan rakiya ne, wani reshe na 'yan sandan garin nan. Kaki da jan dara suke sawa, galibi 'yan Arewacin Gold Coast, da yawa tsofaffin sojoji. Aikinsu gadin baitulmali, rakiyar kuɗi da fursuna, da tarwatsa tarzoma. Rubuta ƙara da bincike kuwa na masu boko ne 'yan Kudu. Nan matsalar take: ɗan rakiya bai jin Twi, harshen Ashanti, mai laifi bai jin Hausa, sai kulki ya zama tafinta. Daga "buga" ɗinmu sunan ya fito.