Ga mai shirin sauka Winnipeg a watan Janairu

Assalamu alaikum ƙanina. Na ga saƙonka, kuma na taya ka murnar samun gurbi a Jami'ar Brandon da ke lardin Manitoba a Kanada, Allah ya sa albarka. Ka ce jirginka zai sauka Winnipeg da yamma a farkon Janairu, wani abokinka zai ɗauke ka a mota ku wuce Brandon a daren, tunda tafiyar ba ta wuce awa biyu da rabi ba. Ka kuma ce sanyi ba zai dame ka ba, don a Jos ka tashi. Wallahi wannan shirin bai kwanta mini ba.

Sanyin lardin Manitoba daban yake. A Janairu ma'auni yakan sauka zuwa digiri 30 ƙasa da sifili, in iska ta taso kuma jiki ya ji kamar 40 ƙasa da sifili. Hukumar kula da yanayi ta Kanada tana gargaɗin cewa a irin wannan hali fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 5 zuwa 10. Kunne da hanci da yatsu su ne kan gaba. Da farko za ka ji zafi, daga baya ka daina jin komai, fatar ta yi fari ta yi tauri, kuma nan ne haɗarin yake, domin mutum yakan ɗauka ya samu sauƙi. In ka yi alwala, ka goge hannu da gemu su bushe sarai kafin ka leƙa waje.

Hanyar da za ku bi, wato Trans-Canada, tana da kyau, nisan kilomita 200 da ɗoriya ne. Amma galibinta fili ne fetal, babu tudu, babu dajin da zai tare iska. Ko sama ba ta zubar da komai ba, iska tana kwasar dusar ƙanƙarar da ke kwance a gonaki ta watsa ta kan kwalta. Ka tuna ranar da hazo ya turnuƙe Kano har jirgi ya kasa sauka, to wannan fari ne fat, kuma yakan kai direba bai ga fitilar motar da ke gabansa ba. Ga wata siririyar ƙanƙara da ke manne wa kwalta, ido ba ya ganinta, sai ka taka birki ka ji motar tana tafiya da kanta. In sanyi ya tsananta gishirin da ake zubawa ba ya narkar da ita, sai dai yashi. A lokacin kuma rana tana faɗuwa kafin ƙarfe biyar, ka ga tafiyarku duk cikin duhu za ta kasance. Sau da yawa 'yan sanda kan rufe hanyar tsakanin Winnipeg da garin Portage la Prairie da ke kan hanyarku, manyan motoci su yi layi har gari ya waye.

Saboda haka ka kwana a Winnipeg, ku kama hanya da hantsi. Kafin ku tashi ku duba shafin Manitoba 511, shi ke nuna hanyar da ke buɗe da wadda aka rufe. In an ce a dakata, ku dakata; ka aika wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje saƙo, sun san halin garinsu. Kada ka sa rai da babbar bas a kowane lokaci, kamfanin Greyhound ya janye daga yammacin Kanada tun 2018, ƙananan motocin jigila kuma sai ka kama kujera tun da wuri.

Abokin naka ka tambaye shi ba kunya: tayoyin hunturu ne a motar? A lardin Kebek dole ne daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, a Manitoba kuwa ba a tilasta ba, shi ya sa ɗalibai da yawa suke tsallake wannan kashe kuɗin. Tanki ya kasance cike, a but a samu bargo, shebur, tocila da ɗan abinci. Wayarka ka sa ta a aljihun ciki, sanyi yana shanye batir nan da nan.

In kuma, Allah ya kiyaye, mota ta kafe muku a hanya, kada ka fita neman taimako a ƙafa, ko da kana hango fitilar wani gida. Ku kira lambar gaggawa ta 911, ku zauna ciki, ku riƙa tayar da inji jefi-jefi don ɗumi, amma ku tabbatar ƙanƙara ba ta toshe salansa ba, don hayaƙin yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Ina nanata wannan ne saboda abin da ya faru kusa da garin Emerson na Manitoba, bakin iyakar Amurka: a Disamban 2016 wasu 'yan Gana biyu sun rasa yatsunsu bayan sun taka cikin dare, a Janairun 2022 kuma mutum huɗu 'yan Indiya, iyali ɗaya, har da yara biyu, suka rasu a fili.

Rigar sanyin da za ka saya a gida ba za ta yi maka ba. Ka taho da hula mai rufe kunne da safar hannu a jakar hannunka, ka ce wa abokinka ya zo filin jirgi da babbar riga da takalmin hunturu na aro, washegari ku shiga kanti ka sayi naka kafin ku ɗau hanya.