Ɗan ƙwallo zai iya zama koci kai tsaye?

Ɗan'uwa, ka ce ka shekara goma kana buga wa kulob, gwiwa ta sa ka ajiye takalmi, kana tambaya ko wannan ya isa a ba ka aikin koci. Gaskiya bai isa ba.

Dubi Stephen Keshi. Shi ne kyaftin ɗin Super Eagles da suka ɗauki kofin Afirka a 1994, amma sai da ya yi mataimaki, ya tafi Togo ya samo musu gurbin kofin duniya na 2006 (suka sallame shi kafin gasar, ka ji aikin koci!), ya riƙe Mali, kafin ya ɗaga kofin da Najeriya a 2013. Shekara 19 tsakani. Thierry Henry kuwa, da duk sunansa, wajen wata uku ya yi yana kocin kulob ɗin Monaco aka dakatar da shi.

Fara da lasisin koci na CAF (hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka), daga D zuwa C, B, A. Ka tuntuɓi hukumar ƙwallo ta jiharku kan lokacin kwas, kada ka ba wani ɗan kan hanya kuɗi wai zai samo maka takarda. Kafin nan ka kama yaran unguwa.

Kuskuren da na fi gani shi ne tsohon ɗan wasa ya fizge ƙwallo ya nuna da ƙafarsa, yana tsawa "haka ake yi!", yaron kuma bai gane komai ba. Koyi bayani da baki.

Gwiwar kuma, ka ga likitan ƙashi kafin ka koma tsayuwar fili.