Babi 23 a cikin waya ɗaya, da sauran tambayoyinku kan manhajojin rubutu na kyauta

Wannan satin kamar kun haɗa baki, kusan duk saƙonnin da suka shigo akan manhajojin da marubuci zai tsara aikinsa da su ne ba tare da ya cire kuɗi ba. Na zaɓo biyar, waɗanda suka yi tsayi na rage musu.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni marubuciya ce, ina rubuta labari mai dogon zango a waya, yanzu na kai babi na 23. A ɗan wajen rubutun nan da ya zo da wayar nake yi, wani lokacin kuma na tura ma kaina a WhatsApp. Satin da ya wuce wayar ta faɗa ruwa, Allah ya taimake ni ta tashi, amma tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wace manhaja zan koma wacce ba sai na biya ba?

Wa alaikumussalam 'yar uwa. Dan Allah kafin ki ƙarasa karanta amsar nan ki fara kwafe babi 23 ɗin nan ki tura su imel ɗinki, sai ki dawo mu ci gaba. Da gaske nake. Ni na taɓa rasa babi tara a irin wajen rubutun nan, wayar ce kawai ta ƙi tashi wata safiya, mai gyara yace sai an goge komai, ina tsaye ina kallo aka goge, kuma wallahi har yau abin da na sake rubutawa bai kama ƙafar na farkon ba.

Abin da zan ce ki koma shine Google Docs, ba wai don ya fi kowa kyau ba, sai don yana yin abu ukun da kike buƙata. Yana ajiye rubutu da kansa kina cikin bugawa, rubutun yana zaune a asusunki ba a cikin wayar ba, sannan yana riƙe tarihin gyare-gyaren da kika yi, wato in kika goge wata fira tsakanin taurarin labarin ranar Litinin, ranar Alhamis kika ji ashe ita ce ta fi daɗi, za ki iya komawa baya ki ɗauko ta. Tarihin nan a kwamfuta ya fi fitowa sosai. A waya kuma ki danna ɗigo ukun nan na gefen fayil ki kunna zaɓin da ke sa ya buɗe ko babu intanet, sai kiyi ta rubutunki data a kashe, in kin kunna ya loda da kansa.

Kar ki zuba littafin gaba ɗaya a fayil guda. Docs na iya ɗaukar haruffa sama da miliyan ɗaya a fayil, amma tun kafin ki je kusa da nan ƙaramar waya za ta fara nauyi, ki danna harafi sai ya yi tunani kafin ya fito. Ki buɗe folda ɗaya da sunan littafin, kowane babi da fayil ɗinsa, ko biyar-biyar. Sunan kuma ki fara da lamba mai gida biyu, 01, 02, 03, don wasu manhajojin in kika sa 1, 2, 3 sai ki ga babi na 10 ya tsallako ya zauna gaban babi na 2. Sannan ki rabu da sunayen nan da duk muka sani, "na ƙarshe", "na ƙarshe gyararre", "na ƙarshe na gaske wannan". Kwanan wata kawai za ki sa.

Maganar wuri, Google na ba kowane asusu 15GB kyauta, amma fa raba shi ake tsakanin Gmail da Drive da Photos. Rubutu baya cin komai, littafi mai kalma 100,000 in zallar rubutu ne ko 1MB bai kai ba. Hotuna da bidiyo ne ke cinye wurin, kuma in ya cika ba za ki iya buɗe sabon fayil ba, saƙon imel ma sai ya daina shigowa. Toh ki dinga leƙawa.

Ga inda mutane da yawa ke ruɗuwa. Don rubutu yana fitowa a waya da kwamfuta lokaci guda ba shine kina da kwafi biyu ba, kwafi ɗaya ne kike hangowa ta taga biyu, in kika goge a nan ya gogu a can, kwandon shara kuma kwana 30 kawai yake riƙewa. Saboda haka duk ƙarshen sati ki sauke aikin a tsarin Word ki ajiye wani wurin daban. OneDrive na bada 5GB kyauta, Dropbox 2GB, ko ki sa a memori ki jefa a durowa. Ki tabbata lambar waya da imel ɗin dawo da asusu suna aiki, don manta kalmar sirri ya raba mutane da littafi fiye da faɗawar waya a ruwa. Kuma tun Disambar 2023 Google na iya goge asusun da aka shekara biyu ba a shiga ba, in kina da tsohon asusu mai tsoffin labarai ki leƙa shi.

Ranar da za ki ba wani ya duba miki, izinin sharhi kawai za ki ba shi, banda izinin gyara. Duk abin da ya taɓa zai fito da launi a matsayin shawara, ke ce mai karɓa ko ƙi.

Tambaya: Malam ni matsalata daban ce. Na sauke Notion, Trello, Todoist, Keep, Obsidian da wasu biyu. Sati uku ina tsara shafuka da launuka, komai ya yi kyau, amma maƙalar da nake son rubutawa ko layi ɗaya ban yi ba. Wacce ce ta fi a cikinsu?

Hhh ɗan uwa ai kai ka amsa tambayarka da kanka. Taura biyu ma bata taunuwa balle bakwai. Shirya wajen aiki yana da daɗi saboda yana kama da aiki kuma ba wanda zai ce bai yi kyau ba, shi kuwa rubutu yana iya fitowa a karkace, shi yasa zuciya ke gudu wajen zaɓen launi. Nima nayi, ba gori nake maka ba.

Wuri uku marubuci ke buƙata, inda zai cafke tunani kafin ya gudu, inda zai zauna yayi rubutun, da inda zai ga me ya rage. Na farkon Keep ya ishe ka. Yana buɗewa nan take, kana tafiya jimla ta faɗo maka ka danna makirfo ka faɗa, zai ajiye muryar tare da abin da ya iya rubutawa, ko rubutun ya fito shirme sautin na nan. Ka dinga manna wa kowane rubutu lakabi, in ba haka ba nan da wata shida ya zama juji.

Na biyun Google Docs ɗin da na faɗa a sama ya isa. Na ukun kuma, tunda maƙaloli kake yi, Trello ya fi dacewa da kai. Tsarinsa daga kamfanin motocin Toyota na Japan aka aro shi, allo ne da aka raba gida-gida ana matsar da kati daga wannan gida zuwa wancan. Kayi gida huɗu, Tunani, Ina kai, Wajen edita, An gama. Kowace maƙala kati ɗaya, da ranar miƙawa a jiki. Tsarin kyauta yana ba ka allo har 10, kai ɗaya ma ya ishe ka. Dokar da ni na sa wa kaina ita ce gidan Ina kai baya wuce kati biyu, in ina son shigo da na uku sai na fitar da ɗaya, kuma wannan 'yar dokar ta fi duk wani ado amfani a wajena.

Notion kam abu ne mai kyau amma na mai babban aiki ne, irin mai labarin da ke da mutum talatin a ciki, yana so ya riƙe wa ya haifi wa, shekarun kowa nawa, kar a babi na 3 ace mata 'ya'yanta uku a babi na 19 su koma huɗu ba haihuwa. Ko shi ɗin ma jadawali a Google Sheets yana yi. Ka goge sauran daga wayar yau, in bayan wata guda ka ji kewar wata ka dawo da ita, ina zaton ba za ka ji ba.

Tambaya: Yaya, manhajar da na shekara huɗu ina tara bayanai a ciki yanzu tace na kai iyaka, sai na biya zan ƙara sabon rubutu. In biya ne ko in tashi?

Ƙanwata kafin maganar biya ki fara gwada abu ɗaya, ki shiga saitin ki nemi inda ake fitar da bayanai gaba ɗaya, ki fitar, ki buɗe su a wani wuri ki gani ko sun fito da kamanninsu. In sun fito lafiya toh kina da zaɓi. In babu ma hanyar fitarwar, ni shawarata ki fara kwashe kayanki da hannu tun yanzu ko da za ki biya ɗin.

Abin da ya same ki ba sabo bane. Kyautar kamfani tana tafiya ne da lissafin kamfani, ranar da lissafin ya canza ita ma ta canza. A Disambar 2023 Evernote, wata manhajar tara bayanai, ya rage tsarinsa na kyauta zuwa rubutu 50 da kundi ɗaya tak. Wunderlist da mutane suka saba jera ayyukansu a ciki an rufe shi a 2020, Pocket na ajiye maƙalolin da za a karanta daga baya shima an rufe a Yulin 2025. Ba wai a guji kyauta nake cewa ba, ni kaina da su nake aiki, sai dai mutum ya zauna a ciki kamar ɗan haya, ya san inda ƙofa take.

In tashi za kiyi, ki duba Obsidian ko Joplin. Obsidian yana ajiye kowane rubutu a matsayin ɗan fayil na zallar rubutu a cikin na'urarki, ko manhajar ta ɓace gobe fayilolin suna buɗuwa da kusan komai, amma haɗa waya da kwamfuta ta hanyarsu na kuɗi ne, kuma tunda a na'urarki suke ajiyar kwafi ta dawo wuyanki. Joplin kyauta ne kuma yana karɓar bayanan da aka fitar daga Evernote. In kuma ba kya son tarkace, Simplenote rubutu ne zalla ba ado.

Yaushe biya ke da ma'ana? In kullum kina buɗe manhajar, in aikin yana kawo miki kuɗi, kuma abin da aka kulle ɗin kin san sunansa kin san me za kiyi da shi. In ɗaya ya faɗi a cikin ukun nan ki riƙe kuɗinki. Ki kula kuma da gwajin kyautar da ke neman lambar katin banki tun farko, ranar da kwanakin suka cika cirewa kawai ake ba sallama, in za ki gwada ki sa tunatarwa a kalanda kwana biyu kafin lokacin.

Tambaya: Da na zauna rubutu sai na tsinci kaina a TikTok. Akwai manhajar da ke hana wannan?

Akwai, kuma tana cikin wayarka tun ranar da ka siya. A Android ka nemi Digital Wellbeing, a iPhone Screen Time, ka zaɓi manhajojin da ke jan ka ka kulle su na awa ɗaya. Sai ka haɗa da dabarar Pomodoro, wani ɗan Italiya Francesco Cirillo ya fito da ita yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980 da agogon kicin mai siffar tumatir, minti 25 aiki, minti 5 hutu, in kayi zagaye huɗu ka huta mai ɗan tsayi. Agogon wayarka ya isa, kar ka tafi neman manhajar Pomodoro mafi kyau ka koma sahun mai manhaja bakwai na sama. Kullum ka rubuta adadin kalmomin da kayi a jadawali, kalma 500 a rana cikin kwana 100 ta zama 50,000. Hutun minti biyar ɗin dai ka miƙe ka sha iska, in ka shiga TikTok da sunan hutu ai kasan sauran labarin.

Tambaya: Malam duk abin da na rubuta da Hausa sai jan layi ya cika shafin, kuma wayata bata da haruffa masu ƙugiya.

Jan layin kashe shi za kayi a saitin duba rubutu, da ƙamus ɗin wani harshe yake auna ka shi yasa komai naka laifi ne a wajensa. Haruffan kuma ka sa Gboard, wato kibod ɗin Google, ka ƙara Hausa a cikin harsunan kibod ɗin, za ka samu ɓ da ɗ da ƙ. Kafin ka miƙa aiki ka mayar da shi PDF ka duba, wasu salon haruffan basu da su sai ka ga ɗan akwati a madadin ƙ, in haka ta faru ka koma Noto Sans.

In kuma tsohon rubutun da kayi ba ƙugiya za ka gyara, kar ka danna musanya duka a tashi ɗaya. Ka ce ya mayar da duk "kasa" ta zama "ƙasa", sai ka tarar "ya kasa barci" ta koma "ya ƙasa barci" a wuri arba'in. Ɗaya bayan ɗaya za ka bi su.