Likita na Amsawa: Sarƙewar Haƙora, Zumar Jariri da Kitsen Ƙwaƙwalwa

Likita, jaririn ƙanwata ya daina kama nono kwana shida da haihuwa, jikinsa ya sandare. A asibiti an ce ta cibiya cutar ta shiga. Me ya haɗa cibiya da sandarewar jiki? Daga wata uwa a Funtuwa.

Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Alamun nan na cutar sarƙewar haƙora ne, wato tetanus. Ƙwayar cutar na zaune a ƙasa da kashin dabbobi, ta shiga ta cibiyar da aka yanka da tsohuwar reza ko aka shafa wa toka. Daga nan dafinta ya bi jijiyar da ke kai saƙo a jiki har lakar baya.

Jijiyoyi ba a manne suke da juna ba, akwai ɗan rata tsakaninsu. A bakin kowace akwai 'yan jakunkuna cike da sinadarin saƙo, wasu furotin uku kuma, ɗaya a jikin jaka, biyu a tantanin jijiyar, suna murɗewa kamar tufkar igiya su jawo jakar ga tantanin. Da sinadarin kalsiyam ya shigo cikin jijiyar sai jaka ta buɗe, saƙo ya tsallaka kafin ƙiftawar ido. Binciken wannan tsari ne ya ba masana kimiyya uku, Rothman, Schekman da Südhof, kyautar Nobel a 2013. Dafin tetanus yana datse zare ɗaya na igiyar, a jijiyoyin da aikinsu shi ne gaya wa tsoka ta saki. Mota ce aka cire wa birki, shi ya sa tsoka ke ɗaurewa.

Abin da ke ba ni takaici, cuta ce da ake iya kauce mata: allurar rigakafin da ake yi wa mai ciki wajen awo tana kare jariri. Ki tabbata ƙanwarki ta karɓa a ciki na gaba, cibiya kuma kada a sa mata komai sai man kuloheksidin mai kashe ƙwayoyin cuta.

Kakata ta dage sai an lasa wa ɗana ɗan wata biyu zuma. Akwai illa? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Akwai, Malam. Ka lallashi Iya ta bari ya cika shekara ɗaya. Zuma kan ɗauko irin ƙwayar botulinum, 'yar'uwar ta tetanus. Hanjin babba yana hana ta tsira, na jariri bai kai ba. Dafinta igiyar nan dai yake datsewa, amma a jijiyar da ke umartar tsoka ta motsa, sai yaro ya yi laƙwas: kashi ya ɗauke, kuka ya raunana, wuya ya kasa ɗaukar kai. Wanda ya ga haka ya garzaya asibiti, don numfashi ma tsoka ce ke jan sa.

Na ji an ce ƙwaƙwalwa na buƙatar kwalastirol. In daina shan maganin rage shi? Daga wani ɗan fansho a Jos.

Rabin maganar gaskiya ce, Baba. Kwalastirol wani nau'in kitse ne, kuma na tantanin jijiya yana taimakawa wajen tara furotin ɗin nan gungu-gungu daidai inda jakunkuna ke buɗewa. Sai dai ƙwaƙwalwa da kanta take haɗa nata, ba ta dogara da na cikin jini ba, wanda shi ne ke toshe hanyoyin jini ya jawo bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. Ci gaba da shan maganinka. In yana sa ka ciwon tsoka, koma wurin likitan da ya rubuta maka ya duba ko zai sauya.