BMW, Mercedes ko Lexus: Wacce Za Ta Jure Hanyar Ƙauyenmu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar riɗi ne a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Bana Allah ya buɗa, ina so in sauka daga Corolla in hau ƙaramar motar alfarma 'yar Kwatano, amma hankalina ya rabu tsakanin BMW 328i da Mercedes C300 da Lexus IS 250. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidana akwai burji da rairayi. Fargabata ita ce kada in zuba ribar shekara guda a motar da za ta ƙare a gindin darbejiya kaji suna kwana a kanta. Bakanikena ya ce in kwantar da hankali, da ta iso zai cire mata tamostat ya haɗa fanka kai-tsaye, tunda don ƙasashen sanyi aka yi su. Wacce zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara albarka a kasuwa. Zan ɗauka cewa ƙirar da aka fi shigowa da ita kake nufi, wato ta tsakanin 2008 zuwa 2011.

Idan daɗin tuƙi ake magana, BMW ce a gaba, ba na ko tantama. Injinta mai silinda 6 a jere, lita 3.0, yana ba da ƙarfin doki 230, kuma an raba nauyinta kusan daidai tsakanin gaba da baya, shi ya sa take shan kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo. C300 tana da doki 228 da giya 7, sai dai halinta na dattako ne: zamanta ya fi taushi, cikinta ya fi shiru, kuma ita za ka fi gode wa a doguwar tafiya zuwa Dawanau. IS 250 ce ƙarama a ƙarfi, doki 204 kacal, za ka ji bambancin duk lokacin da ka fito wuce tirela. Kujerar bayanta ma matsattsiya ce, dattijo mai babbar riga ba zai sa maka albarka ba.

Duk da haka, ga mutumin da yake nesa da Kano, Lexus nake ba shawara. Jinin Toyota ce, ba ta cika tada rigimar lantarki ba, kanikawanmu sun fi sanin cikinta, kuma ranar da ka gaji da ita ba za ka daɗe kana neman mai saye ba. Aibinta shi ne baƙin gawayi da ke taruwa a bawul saboda yadda take fesa mai kai-tsaye cikin silinda, abin da gyara ke magancewa. BMW kuwa mafi yawansu ko tayar safaya ba su zuwa da ita. Dukkansu ukun tsakanin cikinsu da ƙasa bai kai taƙi guda ba, don haka kada ka sayar da Corollarka. Ita ce ta damina.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na zaɓi wasiƙarka. Maganar bakanikenka ita ce za ta kai motar gindin darbejiyar da kake tsoro, ba burjin ƙauyenku ba. Kusan kullum sai na ji wannan zance na “ƙasashen sanyi”, kuma na gaji da shi. Duk wanda ya sauke farali ya ga irin waɗannan motoci a titunan Makka da Madina, inda rana take dukan da ya fi na Maigatari a watan Afrilu, kuma kamfanonin ba su tura su can babu tamostat ba. Aikin tamostat shi ne ya riƙe ruwa a cikin injin har ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90, a BMW ma har ya haura 100 bisa umarnin kwamfutarta, sannan ya buɗe hanya zuwa lagireto. Idan aka cire shi, injin zai daɗe yana aiki da sanyi, kwamfuta ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta ƙara fetur. Wannan rarar fetur ɗin tana wanke baƙin mai daga bangon silinda, ta gangara ta tsinka shi, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe a hankali. Ga asarar mai a kan haka, a zamanin da aka janye tallafi tun 2023.

Abin da kanikawan gindin bishiya ba su sani ba shi ne, a yawancin waɗannan injina tamostat yana kuma toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin. Da ka cire shi, ruwa ya sami hanyar sauƙi, wani ɓangarensa ya daina biyawa ta lagireto. Ka ga maganin ya zama cutar kenan: motar da aka yi wa aiki don kada ta yi zafi, ita ce za ta tafasa a cunkoson Gujungu ranar kasuwa. Fankar da aka haɗa kai-tsaye ita ma ba ta da hutu, tana shan batir, kuma ranar da ta ƙone babu abin da zai sanar da kai.

Bara an jawo mini wata 328i da igiya. An fafe cikin tamostat ɗinta da sukundireba, aka riƙa ɗura mata ruwan rijiya na tsawon watanni. Da muka buɗe, farin dutse ya liƙe a bututun kamar cikin butar mai shayi, famfon ruwanta, wanda na lantarki ne, ya ƙafe, kan silinda ya lanƙwashe. Wannan ƙirar ba ta da allurar nuna zafin ruwa a gaban direba, sai fitilar gargaɗi, rawaya sannan ja, shi kuma mai motar ya ce bari ya ƙarasa gida. Bakaniken da ya yi aika-aikar har yau cewa yake yi motar Turawa ce ba ta da ƙwari.

Mota ba ta yin zafi haka siddan. Ko dai ƙurar hunturu da ƙaiƙayi sun toshe fuskar lagireto, ko murfi ya daina riƙe iska, ko tankin roba ya tsage, ko famfo ya gaji, ko kuma tamostat ɗin ne ya maƙale, shi kuwa sabo ake sa masa, akwai shi a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Ruwan da za ka zuba kuma ya zama irin wanda kamfanin ya ayyana, a gauraya shi da tataccen ruwa rabi da rabi, domin yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa.

Ranar da za ka je saye, ka isa da sassafe kafin dillali ya ɗumama ta. Ka leƙa tankin ruwa da fitilar wayarka, a sa mata na'urar bincike a gabanka, sannan a tada ta. Idan ka ji fanka ta ɗauka da ƙarfi alhali injin yana da sanyi kuma na'urar sanyaya ciki a kashe take, mai yiwuwa wani ya riga bakanikenka taɓa ta, sai ka mayar da makulli ka duba ta gaba.