Ambaliya a Agusta, laka a guga tun Maris: ina ruwan yake tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin wani ƙauye ne tsakanin Marwa da Mokolo a arewacin Kamaru, ina cikin kwamitin da ke kula da rijiyar unguwarmu. Dattawa sun ce a da ba ta ƙafewa sai gab da faɗuwar damina, yanzu kuwa tun Maris guga ke fitowa da laka. Ga shi kuma da damina ruwa har gidaje yake rusa mana. Muna ji a rediyo wai duniya na fama da ƙarancin ruwa saboda sauyin yanayi. Shin ruwan duniya ne ke ƙarewa? In ba haka ba, ina namu yake tafiya? Kuɗin da muka tara kuma, gara mu ƙara wa rijiyar zurfi ko mu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ruwan duniya ba ƙarewa yake ba. Wanda ya tashi tururi daga teku shi ne ke dawowa ruwan sama, haka yake ta zagayawa. Sai dai mai amfani gare mu kaɗan ne tun asali: kusan kashi 97 cikin 100 na gishiri ne, ɗan ragowar kuma fiye da kashi biyu cikin uku ƙanƙara ce a ƙarshen arewa da kudancin duniya da kan manyan duwatsu. Cikin abin da ɗan Adam ke ɗiba, noma kaɗai na cin kusan kashi 70 cikin 100. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na 2022 sun nuna mutum biliyan 2.2 ba su da tsabtataccen ruwan sha da za su dogara da shi, kuma kusan rabin mutanen duniya na shiga matsanancin ƙarancin ruwa a wani yanki na shekara. Wannan "wani yanki na shekara" shi ne halin da kuke ciki daga Maris zuwa Yuni.

Abin da ɗumamar yanayi ke taɓawa shi ne lokacin zuwan ruwa da saurin tafiyarsa. Duk ƙarin zafi na digiri ɗaya a ma'aunin Salshiyos yana sa iska ta iya riƙe ƙarin tururi kamar kashi 7 cikin 100, kuma a 2024 zafin duniya ya haura na kafin zamanin masana'antu da wajen digiri ɗaya da rabi. Iskar da ta fi ɗaukar tururi ta fi tsotse danshi daga ƙasa da tabkuna da rani, ranar da hadari ya haɗu kuma ta fi zubar da shi a lokaci guda. Wani bincike da aka wallafa a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan Adam, ya gano cewa manya-manyan hadarurrukan Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mun gani da ido: a 2022 ambaliya ta shafi sama da mutum miliyan ɗaya a Chadi, a 2024 kusan miliyan biyu, kuma a Satumbar shekarar ruwa ya karya gada a Yagwa, nan Kamaru.

Rijiya ba ta shan ruwan da ya gudu, sai wanda ya nutse. Yankin Marwa na samun kamar milimita 800 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Milimita 60 da suka sauka yayyafi-yayyafi cikin kwana biyu a gona mai ciyawa da karmami, yawancinsu ƙasa za ta shanye. Milimita 60 ɗin nan in suka sauka cikin sa'a ɗaya a kan faƙon da aka sare itatuwansa, dabbobi suka tattake, sai su bi gangare su faɗa kogin Mayo Tsanaga, kafin gari ya waye sun wuce, sun tafi da ƙasar gona. Mai auna ruwan sama zai rubuta adadi ɗaya a duka biyun, rijiya kuwa ta san bambanci.

Ba kuma daidai ba ne a ɗora wa sauyin yanayi komai, domin wanda ya yi haka ya sauke wa kansa nauyin gyara. Tekun Aral da ke tsakiyar Asiya noman auduga ne ya kashe shi, tun da aka karkatar da kogunansa biyu daga shekarun 1960. A nan kusa, bayan gina madatsar Maga a 1979 domin noman shinkafa, babban ɓangare na fadamar kogin Logon ya daina samun ambaliyar da masunta da makiyaya suka dogara da ita, sai a 1994 aka fara sake buɗe wa ruwan hanya. Tabkin Chadi da ake yawan kawo misali da shi ya faɗi daga murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma bayan farin 1973 da na 1984, amma masu maimaita wannan lissafi kan manta cewa ya ɗan farfaɗo tun shekarun 1990. Ga kuma yawan jama'a: Chadi na da mutum kamar miliyan 3 a 1960, yau ta haura miliyan 18. Randar ɗaya ce, moɗa ce ta yi yawa. Inda ba a tsara rabon ba kuwa abin kan kai ga jini, kamar rikicin masunta da makiyaya na Logon Birni a 2021 da ya kori dubban mutane zuwa Chadi.

Yanzu ga rijiyarku. Ƙasar da ke tsakanin Marwa da duwatsun Mandara ba irin ta Kusiri ko Garwa ba ce, inda ake da yashi ko dutsen yashi mai kauri da ke riƙe ruwa da yawa. A wajenku tsauraran duwatsu ne a ƙasa, ruwa yana zaune ne a wuri biyu kawai: ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda kaurinsa ba ya da yawa, da tsagogin da ke cikin dutsen mai tauri. Rumbun ƙarami ne, kowace damina sai an sake cika shi, shi ya sa damina ɗaya mara kyau take bayyana a guga nan da nan.

Kada ku taɓa kuɗin nan kafin ku auna abu biyu. Na farko zurfin ruwan: igiya mai ƙulli a kowane rabin mita, a ɗaura mata ƙarfe, a auna daga bakin rijiya zuwa fuskar ruwa da asuba kafin kowa ya jefa guga, sau ɗaya a wata, a rubuta a littafin kwamiti. Na biyu ƙarfin idon ruwan: da yamma bayan an gama ɗiba a auna, a rufe rijiyar, da asuba a sake aunawa. Rijiya mai faɗin mita 1.4, kowane santimita 10 na ruwa lita 154 ne. In ruwan ya hau santimita 60 cikin sa'a 10, kun sami kamar lita 920, wato wajen lita 2,200 a yini da dare. A kan lita 20 ga mutum ɗaya, mutum 110 ke nan. Saniya a bazara na shan wajen lita 30, don haka shanu 20 sun cinye rabon mutum 30. Kwamitoci da yawa a nan suke gano cewa rijiyarsu ba ta canza sosai ba, masu ɗiba ne suka ninka, ko wani ya kafa injin ban-ruwa a lambu kusa da ita.

Sai a sa gwanin haƙa ya sauka ya duba gindin, a Afrilu ko Mayu lokacin da ruwa ya fi yin ƙasa, bayan an tabbatar akwai iskar shaƙa a ciki, kuma kada a kunna inji mai hayaƙi a cikin rami ko a bakinsa, hayaƙin na kisa. Wani lokaci yasa kawai take bukata, laka da tsofaffin gugaye sun toshe mita ɗaya ko biyu. In diga na cin gindin, wato har yanzu ruɓaɓɓen dutse ne, ƙara mita 2 zuwa 4 da zoben siminti masu huda, a zagaye bayansu da tsakuwa, shi ne aiki mafi arha kuma yakan biya. In kuwa diga na tartsatsin wuta, an kai dutse mai tauri, ƙarin zurfi ɓarnar kuɗi ce, abin da za ku samu rami ne mai tara ruwan dare, ba sabon ido ba.

A nan ne foraj ke da ma'ana, amma a irin ƙasarku sa'a ce in ba a yi bincike ba, ramuka biyu masu tazarar mita 50 ɗaya na iya ba da ruwa ɗaya ya fito ƙura. A fara kawo masu na'urar auna ƙasa da lantarki su nemo tsagar dutse, ko da wurin ya faɗo nesa da ƙofar mai unguwa. A rubuta a takardar kwangila wa zai ɗauki asara in ramin ya fito busasshe. Tsagogin dutse suna matsewa ne yayin da ake nutsawa, don haka in an wuce mita 70 ko 80 babu ruwa, galibi gara a canza wuri da a ci gaba da biyan kuɗin mita. Kada a karɓi aiki sai an yi gwajin zuƙa na sa'o'i masu yawa, ana auna yadda ruwan ke sauka da yadda yake dawowa. Famfon hannu na bukatar wajen lita 700 zuwa 1,000 a sa'a. Kuskuren da ya yi yawa yanzu shi ne a ɗora famfon sola mai jan lita 3,000 a kan ramin da ke ba da lita 1,000: ruwa ya sauka ƙasa da famfon, ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone, a ce kayan ne jabu. A sayi famfo daidai ƙarfin ramin, da na'urar da ke kashe shi in ruwa ya yanke. A kuma kai ruwan ɗakin gwaji, domin a wasu sassan kwarin Mayo Tsanaga, musamman wajen Meri, ruwan ƙasa na ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Shi ke rina haƙoran yara, in ya yi yawa ya taɓa ƙashi, kuma tafasawa ba ta cire shi.

Ko wanne kuka zaɓa, ku ware wani kaso na kuɗin da na aikin gayya domin tsayar da ruwan damina a saman rijiyar. A busassun ƙasashe irin namu, ruwan ƙasa ya fi samun ƙari ta gindin ƙoramu a lokacin manyan ruwaye, don haka ruwan da ke rusa muku gidaje shi ne zai cika rijiyar in an rage masa gudu. Mutanen Mandara sun daɗe suna gina ƙananan shingayen dutse a ƙoramu, waɗanda ake kira biyef, a gabashin Chadi kuma ana gina manyansu a kwaruruka domin baza ruwa. A zaɓi ƙaramar ƙorama, ba babban kogi ba. A haƙa tushe har dutse ko ƙasa mai tauri, a cusa fikafikan shingen aƙalla mita ɗaya cikin kowace gaɓa, tsakiyarsa ta fi gefe gajarta domin ruwa ya tsallake ta nan, a shimfiɗa manyan duwatsu inda zai faɗa. Tsawon rabin mita zuwa mita ɗaya ya isa da fari, kuma gara ƙanana huɗu a jere, a fara daga sama, da ƙato guda ɗaya. Yawancin waɗanda suka rushe, ko dai ruwa ya zagaye su ta gefe saboda gajerun fikafikai, ko ya rarake gindinsu saboda babu shimfiɗar dutse. Yashin da zai taru a bayan shingen riba ce: yana riƙe ruwa kamar kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, kuma abin da ya nutse ƙasa da santimita 60 rana ba ta cika kai masa ba. Buɗaɗɗen kududdufi kuwa a bazara yana iya asarar santimita 20 zuwa 30 a wata ta tururi kawai. A gonakin da ke gangaren, jerin duwatsu a gicciye da ramuka masu siffar rabin-wata suna yin aiki iri ɗaya, kamar yadda masu noman masakwa ke ɗaga ƙananan kunyoyi su tsare ruwa a karal, wato filin laka mai riƙe ruwa.

Rufin kwano ma abin dubawa ne. Faɗin rufi sau ruwan shekara sau 0.8: murabba'in mita 60 a milimita 800 zai ba da lita 38,400. Tsadar tana wajen tanki. Mai lita 5,000, in an cika shi a ƙarshen Satumba aka rufe, zai ɗauki gida mai mutum takwas wata huɗu a sha da girki kawai, lita 5 kowane kai. Ruwan farko da ya wanke ƙura da kashin tsuntsu a bar shi ya zube.

Tunda ambaliya na shiga garinku, ɗaga bakin rijiyar ya kai kusan mita ɗaya, a yi mata daɓen siminti mai gangara waje da murfi, masai kuma ya nisance ta da aƙalla mita 30 ta ɓangaren gangare. Duk shekarar da ruwan ambaliya ya faɗa ciki, a kwashe shi, a yashe lakar, a zuba garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70, kamar giram 75 ga kowace lita 1,000 da ke cikin rijiyar, bayan an narkar da shi a bokiti. A bar shi ya kwana, a kwashe har warin ya ragu, kuma a makonnin da suka biyo baya kowane gida ya ci gaba da tafasa ruwan sha ko sa masa ƙwayar tsabtace ruwa, domin a irin wannan lokaci ne amai da gudawa ke ɓulla.