In jira Honda Prelude ko in ɗauki GR86?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Na daɗe ina tara kuɗi don in mallaki ƙaramar motar tsere mai ƙofa biyu, irin wadda ba sai attajiri ba. Zuciyata ta riga ta kwanta da Toyota GR86, sai ga labarin Honda ta dawo da Prelude, kuma ta kusa isowa kasuwar ƙasar da nake zaune. Abokaina sun rabu: wasu na cewa ƙarfin doki 200 na Prelude ya yi kaɗan, wani ya dage sai Mazda MX-5, wasu kuma sun ce in ƙara kuɗi in sayi Ford Mustang tunda ta fi su duka ƙarfi. In jira sabuwar, ko in ɗauki wadda ke ƙasa?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a abin da ka tara. Idan abin da ya sa ka tara kuɗin nan son tuƙi ne, wato ka ji mota tana amsa hannunka da ƙafarka, to kada ka jira, GR86 ce motarka. Prelude mota ce mai kyau, amma wata buƙata daban aka gina ta don ta biya, kuma kuɗinsu ba aji ɗaya ba ne.

Gardamar abokanka ta tsaya a kan ƙarfin doki, kuma nan ne yawancin masu sha'awar mota ke maƙalewa, don shi ne adadin da kamfani ke bugawa da manyan haruffa. Ni abin da nake fara tambaya shi ne: kilo nawa aka ɗora wa kowane doki? GR86 tana da inji mai lita 2.4, doki 228 a lissafin Amurka, nauyinta kuma wajen kilo 1,270. Ka ga kowane doki na jan kilo biyar da rabi ke nan. MX-5 mai lita 2.0 dokinta 181 ne kacal, amma nauyinta bai wuce kilo 1,060 da 'yan kai ba, saboda haka kasonta bai kai kilo shida ba. Prelude ta haura kilo 1,450 da doki 200, kowane doki na ɗauke da fiye da kilo bakwai. Mustang mai injin turbo na lita 2.3 tana da doki 315, kuma a miƙaƙƙen titi za ta bar su duka a baya, wannan babu ja. Sai dai ta haura kilo 1,600, kuma daga samfurin 2024 ba a yin wannan injin da giyar hannu.

Nauyi yana bin ka ko'ina. Inji mai ƙarfi yana ɓoye shi lokacin da kake taka totur, amma da ka taka birki ko ka zo shan kwana sai ya bayyana gaba ɗayansa, kuma taya da birki ne ke biyan bashin. Shi ya sa mota mai nauyi ke cin taya da wuri idan ana matsa mata. Mazda ta gane wannan tun 1989, lokacin da ta nuna MX-5 ta farko a bajekolin motoci na Chicago da doki 116 da nauyin da bai kai tan ɗaya ba. A 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya. Injiniyoyinta suna da wata kalma ta Japananci da suke kiran manufarsu da ita, ma'anarta doki da mahayi su zama jiki guda. Duk wanda ya taɓa riƙe linzami ya san abin da ake nufi: ka ɗan karkata, dabba ta karkata da kai tun kafin ka ja.

Babban bambancin da ke tsakanin motocin nan kuwa yana ƙarƙashinsu. GR86 da MX-5 tayoyin baya ne ke tura su, na gaba aikinsu juyawa kawai. Prelude tayoyin gaba ne ke ja, su ne kuma ke juyawa. Taya tana da iyakar riƙon da za ta yi wa kwalta, kuma idan ka nemi ta yi aiki biyu a lokaci guda, dole ta raba riƙon. Ƙari a kan haka, duk lokacin da ka taka totur nauyin mota yana komawa baya. Mai turin baya tana amfana da wannan, tayoyinta na ƙara dafe ƙasa. Mai jan gaba kuwa tayoyin da take dogaro da su ne ke yin sauƙi.

Ga yadda abin yake a kujerar direba. Ka tunkari kwana a GR86, ka taka birki, hancin motar ya ɗan duƙa, ka sauko giya ta biyu, ka juya sitiyari. A tsakiyar kwanar ka fara ba ta wuta sannu a hankali. Za ka ji a ƙugunka, ta cikin kujera, bayan motar yana tura ka yana ƙarasa maka juyin, sitiyarin kuma yana warwarewa da kansa a tafin hannunka. A mota mai jan gaba, idan ka ba da wuta da wuri a daidai wannan wurin, hancin sai ya nemi bajewa waje, dole ka ɗaga ƙafa ka jira. Honda ta san da wannan sarai, shi ya sa ta ɗauko tsarin ƙafafun gaba na motarta Civic Type R da birkin kamfanin Brembo ta sa wa Prelude, kuma Type R na cikin motoci masu jan gaba da suka fi iya shan kwana a duniya. Sun rage matsalar ƙwarai, amma wancan turin da ke zuwa daga baya ba ya samuwa a wannan tsari. Ina roƙonka abu ɗaya a nan: turin baya yana da nasa hatsarin, musamman idan kwalta ta jiƙe. Kada ka kashe na'urar hana santsi a kan titin jama'a. Filin tsere da mai koyarwa a gefenka, nan ne wurin gwada iyakar mota.

Sai maganar giya, wadda na lura abokanka ba su taɓo ba. Prelude haɗaka ce ta fetur da lantarki. A yawancin tafiya injin fetur ɗinta mai lita 2.0 wuta yake samarwa, injin lantarki ne ke juya tayoyi, sai an daidaita gudu a babban titi wani kuloci ke haɗa injin fetur da tayoyin kai tsaye. Ba ta da akwatin giya irin wanda ka sani. Abin da Honda ke kira S+ Shift kwamfuta ce ke kwaikwayon hawa da saukar giya takwas, har da ƙarar inji da ɗan fizgar da ake ji. Dabara ce mai kyau, kuma injin lantarki yana ba da ƙarfinsa nan take daga tsaye, abin da ke da daɗi a cikin gari. Amma GR86 da MX-5 ana samunsu da giyar hannu shida da kuloci na gaske. Idan burinka ka koyi daidaita totur da kuloci har giya ta shiga ba tare da motar ta girgiza ba, kwaikwayo ba zai koya maka ba.

Game da jira kuma, tarihin GR86 ɗin kanta ya isa darasi. Toyota ta nuna samfurin gwaji mai suna FT-86 a bajekolin Tokyo na 2009, jama'a suka yi ta lissafi da hasashe har 2012 da motar ta fito, da haɗin gwiwar Subaru wadda ke sayar da tata da sunan BRZ. Da ta fito, sai aka ga inji mai lita 2.0, doki wajen 200, babu turbo, kuma tayoyinta irin waɗanda ake sa wa wasu Prius ne, motar Toyota mai tsimin mai. Masu kallon takarda suka ce an yaudare su. Waɗanda suka tuƙa ta suka gane cewa babban injiniyanta, Tetsuya Tada, da gangan ya zaɓi tayoyin da ba su cika riƙo ba, don direba ya ji motsin motar a gudun da bai kai na halaka ba. A ɗaya ɓangaren, akwai aibin da takarda ba ta nuna ba: ƙarfin injin yana raguwa a tsakiya, wajen juyi 4,000 a minti, daidai inda kake buƙatarsa in za ka wuce wata mota. Kuma a 2018 an yi kiranyen motocin farko-farko, wato aka nemi a mayar da su a gyara, saboda matsalar sifirin ɗin bawul na inji. Sai a zubi na biyu, wanda ya fito a 2021, aka ƙara girman injin, ƙarfin juyinsa ya tashi daga 205 zuwa 250 a ma'aunin Nm, kuma yana cika tun a juyi 3,700 maimakon sama da 6,000. Wato GR86 da ke gabanka yau mota ce da aka shafe shekaru ana gyara mata kuskure. Biyan kuɗin motar da ba ka zauna a cikinta ba cinikin biri a sama ne, ko da wane kamfani ne ya ƙera ta, balle kuma dillalai kan ɗora ƙari a kan sabuwar mota a watannin farko.

Kuɗin ma ya raba gardamar. A Amurka GR86 da MX-5 suna farawa daga wajen dala 30,000, Prelude kuwa ta haura 40,000. Wannan tazarar ta ishe ka tayoyi masu kyau, inshora, da ranakun horo a filin tsere.

Ban ce Prelude ba ta da mai ita ba. Sunan yana da tarihi: Honda ta yi ta daga 1978 zuwa 2001, kuma zubin 1987 ya shahara da juya tayoyi huɗu. Tun can mota ce ta mutumin da ke son tafiya mai nisa cikin natsuwa da kyan siffa, kuma sabuwar ta bi wannan layin. Wanda mota ɗaya zai mallaka, yake shiga cunkoso kullum, yake ƙin yawan tsayawa shan mai, ita ta fi dacewa da shi. GR86 tana da ƙara a ciki, tana bin kowane rami ta sanar da kai, kuma fetur mai babban okten take so. Kujerunta na baya na jaka ne da ƙananan yara, ko da yake in ka kwantar da su tayoyi huɗu na shiga, wanda da gangan aka tsara saboda masu zuwa filin tsere.

Abokinka mai MX-5 shi ne kaɗai zan ce ka saurara da kyau. MX-5 ce ta fi su rashin nauyi, rufinta na yadi da hannu ɗaya ake jefa shi baya kana zaune, kuma a gudun da doka ta yarda da shi ta fi su duka sa direba farin ciki. Abin da ke hana ni ba ka ita kai tsaye shi ne kujeru biyu ne kawai, but ɗinta lita 130, kuma dogon mutum yana takura a ciki.

Kafin ka biya, ka nemi dillali ya ba ka GR86 da MX-5 a rana ɗaya, a hanya ɗaya mai kwana da 'yan ramuka. Ka kashe rediyo. Ka gyara kujera yadda wuyan hannunka zai kai saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar kujera ba, ka duba ko gwiwarka na taɓa sitiyari idan ka taka kuloci har ƙasa. A giya ta uku, daga gudun kilomita 50, ka taka totur ka ji yadda kowacce ke ɗauka. Idan Prelude ta iso kafin ka yanke shawara, ka bi da ita wannan hanyar, ka kunna S+ Shift, sannan ka kashe shi ka sake bi.